Takalmin Likita: Fata Tana Agege, Ciniki Yana Ƙetare

LEGAS — Duk wanda ya san Agege ya san wasu wurare uku da ba su da nisa da juna. Na farko shi ne babbar mayankar Jihar Legas da ke Oko-Oba, inda motocin shanu daga Arewa suke sauke kaya, ake kuma yanka da fiɗa tun da asuba. Na biyu shi ne Babban Asibitin Orile-Agege, wanda shi da na Ifako-Ijaiye da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja suke ɗauke da nauyin lafiyar jama'ar wannan yanki. Na uku kuwa ita ce kasuwar Katangowa da ke kan hanyar Abekuta, wadda ta yi suna wajen sayar da tufafi da takalman gwanjo.

Abin da ya haɗa wuraren nan uku shi ne takalmi. A wuri na farko ake samun fatar da za a iya yin sa da ita. A na biyu akwai mutanen da aikinsu ya fi na kowa bukatarsa. Amma ma'aikacin asibiti mai ƙaramin albashi sau da yawa a wuri na uku yake zuwa nemansa, bayan wani ya sa shi ya gaji a Turai ko Amurka. Wanda ya ɗan fi ƙarfi kuma ya sayi sabo, wanda aka yi a Sin ko Biyetnam, aka biya da dala. Yadda aka yi fata ta kasa ratsa wannan 'yar tazara daga mayanka zuwa ɗakin tiyata darasi ne a kan halin da masana'antun ƙasar nan suke ciki.

Aikin da ake yi a tsaye

Likita mai neman ƙwarewa, ko sabon likitan da ke shekarar horo, yakan soma aiki da ƙarfe takwas na safe da zagayen ɗakunan majiyyata. Daga nan ya wuce wurin duba masu zuwa daga gida, ko kuma ɗakin tiyata, inda aiki guda kan ɗauki sa'a uku zuwa biyar, yana tsaye wuri ɗaya. In ranar aikin kwana ta faɗo kansa, ba zai tafi gida ba sai gobe. Ma'aikatan jinya da ungozomomi su ma a kan ƙafa suke yini, a kan daɓen siminti ko tayil wanda ba ya sassauta wa kowa.

Ƙarancin ma'aikata ya ƙara tsawaita wannan tsayuwa. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne suke da lasisin aiki a Nijeriya, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar da suka gabaci wannan lokaci. A ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, wannan yana nufin likita ɗaya ga mutum kusan 4,000. Aikin wanda ya tafi kuwa a kan wanda ya rage yake komawa. Abin ya kai har Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta Ƙasa, wato NARD, ta umarci 'ya'yanta da su daina aikin kwana da ya zarce sa'a 24 a jere tun daga ranar 1 ga Oktoba 2025. Wannan umarni kaɗai ya isa ya nuna irin sa'o'in da aka saba yi kafin nan.

Jikin ɗan Adam yana biyan kuɗin wannan tsayuwa. Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma a ƙarƙashinta akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga diddige zuwa gindin yatsu, wadda take riƙe da lotsawar tsakiyar tafin ƙafa. In aka daɗe ana ɗora mata nauyi a kan ƙasa mai tauri, takan yi rauni, mutum ya riƙa jin zafi a diddige, musamman a takun farko da safe. Haka kuma jinin da ya sauka ƙafa ba ya komawa zuciya da sauƙi sai tsokar sharaɓa tana motsi. Wanda ya tsaya cik na sa'o'i, jini yakan taru masa a ƙasa, ƙafa ta kumbura da yamma, a kwana a tashi jijiyoyin jini su fito su murɗe. Ciwon gwiwa da na ƙugu su ma sukan biyo baya.

A lissafin tattalin arziki, wannan hasara ce da ba a rubutawa a littafin asibiti. Ranar da ma'aikaci ya ɗauki hutun ciwo, da santsin da ya kayar da shi, da gajiyar da ta rage masa natsuwa a sa'a ta ashirin, duk kuɗi ne, kuma wani ɓangare nasa majiyyaci ne yake biya. Saboda haka takalmin likita kayan aiki ne, kamar safar hannu da takunkumin fuska.

Abin da ake nema a takalmin asibiti

Akwai sharuɗɗa biyar da ake nema a takalmin asibiti. Na farko, ya kasance sau-ciki, rufaffe ta gaba, ba tare da huda a samansa ba, domin allura ko askar tiyata tana iya faɗowa, jini ko wani ruwan jiki kuma yana iya zubowa. Saboda wannan dalili ne wasu asibitocin Turai suka hana sa takalman roba masu huji-huji, duk da farin jinin da suke da shi. A Legas ba a bukatar dogon bayani a kan haka, domin an ga abin da cutar Ibola ta yi wa ma'aikatan lafiya a 2014, zazzaɓin Lassa kuma yana dawowa kowane rani a sassa da dama na ƙasar.

Na biyu, ƙasansa ya kasance mai riƙe daɓe ko da akwai ruwa ko sabulu. Na uku, ya jure wanki da sinadarin kulorin ba tare da ya tsage ko ya ɓaɓɓake ba. Na huɗu, ya zama mara nauyi, mai ɗan taushi a ciki amma ba mai lotsewa kamar katifa ba, da ɗan tudu da zai tallafi tsakiyar tafin ƙafa, diddigensa kuma gajere mai faɗi. Na biyar, gabansa ya kasance da yalwa, domin ƙafar da ta shiga da safe ba ita ce take fitowa da dare ba.

A kan waɗannan akwai ƙarin da yanayin Legas ya kawo, wato zafi da laima. Ƙafar da ta yini cikin gumi a rufaffen takalmin roba tana saurin kamuwa da cin ruwa a tsakanin yatsu, balle ga wanda yake alwala sau da dama a rana ya mayar da ƙafa kafin ta bushe. A nan fata ta fi roba, domin tana shan gumi tana kuma barin iska ta ratsa. Roba kuwa ta fi fata wajen wanki. Shi ya sa a zahiri kasuwar kashi biyu ce: takalmin roba na ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa, da kuma takalmin fata na zagayen majiyyata da wurin duba marasa lafiya.

Ƙasashen Turai sun mayar da irin waɗannan sharuɗɗa ma'auni a rubuce. Ma'aunin EN ISO 20347 ya shafi takalman aiki waɗanda ba su da ƙarfen kare yatsu, irin na asibiti da ɗakin girki, shi kuwa EN ISO 20345 ya shafi masu ƙarfen, irin na ma'aikatan gini da masana'antu. Amfanin ma'auni ga mai saye shi ne ba sai ya dogara da rantsuwar mai sayarwa ba.

Farashi da darajar naira

Sanannun takalman da ma'aikatan asibiti suke nema a duniya na kamfanonin waje ne. Crocs na Amurka, wanda ya fito a 2002, shi ne ya yaɗa takalmin kumfar roba mara nauyi. Akwai kuma Dansko na Amurka da Birkenstock na Jamus. A ƙasashensu ana sayar da na Crocs a kan dala 50 ko kusa da haka, na Dansko kuwa ya haura dala 100.

Kafin ranar 14 ga Yuni 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuma, inda yawancin ƙananan 'yan kasuwa suke saye, tana wajen N750. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura N1,500. Ke nan takalmin dala 50 ya tashi daga kimanin N37,500 zuwa N75,000, tun kafin a ɗora kuɗin jirgi da na fito da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 kuwa N70,000 ne, Jihar Legas ta sa nata a kan N85,000. Hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na wannan shekara, a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta amince da biyan likitocin asibitocinta alawus na kayan aiki, N25,000 duk wata uku, wato N100,000 a shekara. Daga cikin wannan ne likita zai fitar da kuɗin farar riga da kayan tiyata da na'urar sauraren ƙirji da takalmi. Mai shara da mai tura gadon majiyyata, waɗanda su ma a tsaye suke yini, ba sa cikin wannan lissafi.

Da sabo na asali ya gagara, sai mai saye ya koma ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jabu, mai kama da na asali a ido, wanda kumfarsa take lotsewa cikin 'yan watanni, ƙasansa kuma ya sulɓe. Ta biyu ita ce gwanjo. Takalmin gwanjo yana iya zama mai kyau, amma yana da aibi biyu. Ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani, ya kuma cinye ta gefen da mai shi na farko yake takawa. Sa'an nan da yawa daga cikin takalman aiki ana yin ƙasansu ne da sinadarin foliyuretan, wanda laima take cinyewa a hankali ko da yana ajiye. Irin wannan takalmi yakan yi kyau a rumfa, bayan mako biyu ƙasansa ya ruguje kamar busasshen burodi.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, lissafi kuma ya gaskata su. A ƙaddara mutum ya sayi takalmin N15,000 da ke mutuwa duk wata uku. Cikin shekara biyu zai sayi takwas, ya kashe N120,000. Wanda ya sayi na N75,000 da ya kai shekara biyu ya fi shi riba da N45,000. Matsalar ita ce mai ƙaramin albashi ba ya da N75,000 a dunƙule, don haka shi ne yake biyan mafi tsada.

Shekara da shekaru sunan takalma yana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, in ban da wasu nau'o'i kamar na wasanni da na kariyar ma'aikatan mai. Har ila yau an rufe kan iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Duk da haka kasuwanni ba su rasa takalman waje ba. Hani irin wannan, in babu abin da zai maye gurbin kayan a gida, ƙara musu farashi kawai yake yi, gwamnati kuma ta rasa harajin da za ta samu.

Ina fatar take zuwa?

Hausawa ba baƙi ba ne a Agege, ba kuma baƙi ba ne a sana'ar fata. Tun farkon ƙarni na 20 cinikin goro ya kawo fatake daga Arewa zuwa wannan yanki, hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta ƙara ɗaure zumuncin, har aka kafa Zango da Sarkin Hausawa. Bayan goro sai shanu, wanda har yau dillancinsu da fiɗarsu suna ciyar da gidaje masu yawa a unguwar. A can gida kuwa, Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan kayan da birnin yake fitarwa har zuwa Arewacin Afirka. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ita ce ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko. Har yanzu majema suna aiki da bagaruwa a Ƙofar Wambai, dukawa kuma suna da rumfunansu a kasuwar Kurmi.

Amma fatar saniyar da aka fiɗe a Oko-Oba galibi ba ta zuwa majema. Tukunya take shiga, ta zama ganda, wadda Yarbawa suke kira fomo. Dalilin na kasuwa ne. Mai ganda yana nan a bakin mayanka da kuɗi a hannu, ba ruwansa da tabon wuƙa ko na kaska ko lambar wuta da makiyayi ya yi wa saniya. Mai jima kuwa yana Kano, fiye da kilomita 1,000 daga nan, yana son fata mara tabo wadda aka sa wa gishiri da wuri, kuma duk aibi sai ya rage farashi. Mahauci ba ya bukatar karatun jami'a kafin ya san wanda zai sayar wa.

A watan Satumba na 2022 shugaban Cibiyar Kimiyya da Fasahar Fata ta Nijeriya da ke Samaru, Zariya, Farfesa Muhammad Yakubu, ya yi kira da a kafa dokar hana cin ganda domin ceto masana'antar fata. Kiran ya tayar da ƙura, musamman a Kudu maso Yamma, inda ganda take maye gurbin nama a tukunyar talaka. A ra'ayin wannan sharhi, doka ba za ta yi abin da farashi ya kasa yi ba. Ranar da mai jima ya iya biyan mahauci fiye da mai ganda, fata za ta canza hanya da kanta. Wannan kuwa ba zai faru ba sai akwai mai yin takalmi da ke jiran fatar da kuɗi a hannu.

Su kuwa manyan masana'antun jima na zamani da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, fatun awaki da tumaki suka fi sarrafawa, kuma kasuwarsu tana Italiya da Sifen da wasu ƙasashen Asiya. Doka ta hana fitar da ɗanyar fata, amma ta halatta fitar da wadda aka gama sarrafawa, kuma masu fitar da ita suna cikin waɗanda suka fi cin gajiyar tallafin faɗaɗa fitar da kaya da gwamnati ta daɗe tana bayarwa. Wannan ya kawo kuɗaɗen musaya, babu shakka. Sai dai ya sa sayar wa Bature ya fi sayar wa ɗan gida riba. Shi ya sa masu yin takalma a kasuwar Ariaria ta Aba suka daɗe suna kukan cewa fatar Kano ta fi ƙarfinsu, sai dai su yi aiki da fatar roba daga Sin.

Abin da ya ɓace tsakanin fata da ƙafa

Ko da fata ta samu a araha, da sauran aiki. Daɗin takalmin asibiti a ƙasansa yake, kuma a nan ne jari yake shiga. Ana zuba ƙasan takalmi ne a cikin mazubi na ƙarfe, da inji mai cin wuta. Kowace lamba da nata mazubin. Wanda zai yi daga lamba 36 zuwa 46 yana bukatar mazubi 11, kowanne da hagu da dama. Sinadaran da ake narkawa, irin su kumfar EVA da foliyuretan, galibi daga waje ake shigo da su. A watan Afrilu na 2024 kuɗin wutar lantarki ga masu samun ta sa'a 20 a rana ya tashi daga wajen N68 zuwa N225 a kan kowane ma'auni, a watan Nuwamba na shekarar kuma Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Ƙaramin mai sana'a ba zai ci bashi a kan haka ya sayi inji ba. Abin da yake yi shi ne ya sayi ƙasan da aka riga aka zuba a waje, ya ɗinka fata a kai.

Abu na biyu shi ne ƙafar katako ko ta roba da ake ɗora takalmi a kanta lokacin haɗa shi, wadda ita take ba shi siffa. Wanda ya tashi cikin silifas da fade sau da yawa gaban ƙafarsa ya fi na wanda ya tashi cikin sau-ciki faɗi. Takalmin da aka auna da ƙafar wata al'umma yakan matse yatsun wata. Wannan dama ce ga mai yin takalmi na gida, domin shi ne yake kusa da ƙafar da zai auna.

Abu na uku shi ne daidaito. Asibitin da ya ba da odar takalma 500 yana son lamba 42 ta farko ta yi daidai da ta ƙarshe, kuma yana son shaidar cewa an gwada ƙasansu a kan jiƙaƙƙen daɓe. Aikin hannu, komai kyansa, yana da wuya ya ba da wannan tabbaci in babu ma'auni da wurin gwaji.

Ƙasar nan ta taɓa samun masana'antar da ta haɗa waɗannan abubuwa uku. A da, kamfanin Bata yana da babbar masana'anta a Ojota, nan Legas, kuma takalminsa na 'yan makaranta, Cortina, ya shiga kusan kowane gari. A Kano har yau akwai wurin da ake kira Bata. Bayan Shirin Gyaran Tattalin Arziki na 1986, da faɗuwar naira da tsadar kayan da ake shigowa da su da kwararar takalma masu araha daga Asiya, sai manyan masana'antun takalma suka yi ta durƙushewa. Abin da ya rage shi ne dubban ƙananan masu sana'a a Aba da Legas da Kano, da kuma masana'antun silifas na roba. Waɗannan na ƙarshe sun cancanci a kula da su, domin aikin zuba roba a mazubi da suke yi kullum shi ne tushen yin takalmin ɗakin tiyata.

Kasuwa a warwatse

A jawabin nasa na Maris 2024, Ministan Lafiya ya ce ma'aikatan lafiya na kowane fanni a Nijeriya sun kusa 300,000. In kowannensu zai sayi takalmin aiki ɗaya a shekara a kan N20,000, cinikin Naira biliyan 6 ke nan, ban da ma'aikatan otal da ɗakunan girki da masana'antun abinci, waɗanda irin wannan takalmi suke bukata. Kasuwa ce wadda ba ta bin yayi, ba ta jiran Salla ko Kirsimeti, kuma launi biyu ko uku sun ishe ta.

Abin da ya hana masu jari ganin ta shi ne a warwatse take. Kowane ma'aikaci da kansa yake zuwa kasuwa, da kuɗinsa, a ranar da ya ga dama. Babu mai sayen mazubi domin ciniki irin wannan. Amma in hukumar kula da asibitocin jiha guda, ko kuma ƙungiyar gama kai ta ma'aikatan babban asibiti kamar na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ta tattara bukatar mutanenta ta ba da oda guda, ana cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan, to lissafin ya canza. Mai masana'anta ya sami takardar da zai kai banki, ma'aikaci kuma ya tsira daga sayen jabu sau huɗu a shekara.

An ga misalin haka a 2016, lokacin da aka ba masu sana'a na Aba aikin yin takalman soja 50,000. Akwai kuma doka a ƙasa. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na 2017 yana muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya wajabta wa ma'aikatun Tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu kayayyaki a kan na gida, kuma kayan sawa na aiki da takalma suna cikin jerin. A 2021 aka ƙaddamar da shirin aiwatar da Manufar Ƙasa a kan Fata da Kayan Fata, a 2025 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta buɗe cibiyar sarrafa kayan fata a Mushin. Abin da ya rage shi ne Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya da ma'aikatun lafiya su fayyace abin da ake nufi da takalmin asibiti, yadda odar ba za ta zama hanyar jibga wa ma'aikata kayan da ba za su iya sawa ba. Ma'aikacin da aka tilasta wa takalmi mai ciwo zai ajiye shi a ƙarƙashin tebur ya koma Katangowa.

Rabon mutanen Zango

A cikin wannan sarƙa, Hausawan Agege suna riƙe da bakinta biyu. Su ne a wurin shanu da fiɗa, su ne kuma 'yan shushaina da ke yawo da akwati a titunan Legas, da yawansu daga jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar, waɗanda suke ɗinke ƙasan takalmin da ya ɓalle, su ƙara masa wata shida. Tsakiyar sarƙar, inda riba take, ita ce ba ta hannunsu. Matakan shiga ba su fi ƙarfin ƙungiya ba, ko da sun fi ƙarfin mutum ɗaya: koya wa masu fiɗa cire fata ba tare da yanka ta ba, tanadar rumfar sa gishiri kusa da mayanka, tura matasa koyon yanka da haɗa takalmi a cibiyar Zariya ko ta Mushin, da yin rajistar ƙungiyar gama kai da za ta iya tunkarar Bankin Masana'antu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kafin wannan ya tabbata, ma'aikacin asibiti zai ci gaba da zuwa kasuwa da kansa, kuma akwai abin da zai iya kiyayewa. Ya gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, da irin safar da yake aiki da ita. Ya bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunsa da bakin takalmin. Ya lanƙwasa shi ya gani, domin mai kyau a gindin yatsu yake lanƙwasuwa, ba a tsakiya ba. In gwanjo ne, ya danna ƙasansa da farce, in ya ga yana marmashi ko yana danƙo ya bar shi. In da hali ya mallaki biyu, yana sa ɗaya yana shanya ɗaya. In kuma zanen ƙasan ya shafe, lokacin canji ya yi, ko da saman yana ƙyalli.

Gobe da asuba wasu motocin shanu za su sauke kaya a Oko-Oba, a daidai lokacin da likitan da ya kwana a tsaye yake jiran mai karɓarsa a Orile-Agege. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep.